An naɗa ni a majalisar gudanarwa ta kwaleji: albashi zan riƙa karɓa ko alawus?

"Assalamu alaikum. Ni tsohon shugaban makarantar sakandare ne, na yi ritaya shekara huɗu da suka wuce, yanzu ina da ɗan shagon ɗab'i a Gusau. An sa sunana cikin mambobin majalisar gudanarwa ta wata kwalejin ilimi ta tarayya. Wata biyar ke nan da ƙaddamar da mu, zama biyu muka yi, kuma bayan kowane zama aka turo mini wasu 'yan kuɗi ta banki, shi ke nan. 'Yan'uwa kuwa sun ɗauka na shiga gwamnati. Ina da aboki kansila mai gafaka da ke karɓar kuɗi duk wata, akwai kuma wani da aka ba kwamishina a wata hukumar tarayya, har kuɗin kayan ɗaki aka ba shi. To ni fa? Akwai albashin da ake danne mini ne? Fanshona zai taɓu? Kuma shagona zai iya yi wa kwalejin aiki?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya taya ka riƙo, ya sa a gama lafiya. Abu huɗu ka tambaya a dunƙule: ko akwai albashi, me ya raba ka da abokan nan naka biyu, me zai sami fansho, sai batun shago. Na yi shekaru a ofishin magatakarda na wata babbar makaranta, a sashen da ke kula da harkokin majalisa. Ni ke rubuta takardar gayyata, ni ke zama a kusurwa ina ɗaukar bayanan taro, ni ke haɗa takardun biyan kuɗi in kai ofishin ma'aji. Wannan tambaya taka kuwa, kusan duk sabuwar majalisar da aka kafa sai wani ya ja ni gefe bayan zaman farko ya yi mini ita ƙasa-ƙasa, yawanci a ƙofar masallaci ana neman takalma bayan azahar.

Ba a danne maka albashi ba, domin babu shi. Kujerar mamban majalisar gudanarwa a kwaleji ko jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha ba aikin cikakken lokaci ba ce. Ba ka cikin ma'aikatan makarantar, sunanka ba ya cikin jerin masu albashi, ba ka da mataki, ba ka da ƙarin girma, ba ka da garatuti. Kuɗinka yana bin zama ne: an zauna an biya, ba a zauna ba babu. Shugaban majalisar ma haka yake, sai dai nasa ya ɗan ɗara naku.

Inda kuɗin kowane mai muƙami ke samo asali

A Najeriya ba girman sunan kujera ke kawo kuɗi ba, takarda ce. Duk kwabon da zai fita daga asusun gwamnati zuwa aljihun wanda aka naɗa, sai an iya nuna rubutun da ya halatta shi. A irin taka kujerar rubutun nan uku ne. Akwai dokar da ta kafa makarantar, wadda ta faɗi su wa ke cikin majalisa, shekara nawa za su yi, kuma galibi takan ƙara da layi ɗaya cewa za a biya mambobi alawus da kuɗin tafiye-tafiye gwargwadon abin da hukuma ta amince. Akwai takardar naɗinka, wadda kusan kullum takan ce naɗin na ɗan lokaci-lokaci ne. Ka koma ka sake karanta taka, da wuya ka rasa wannan jimlar. Sai ta uku, wadda ita ce ke ɗauke da adadi, wato sakula, takardar umarnin da gwamnati ke aika wa ma'aikatu da hukumomi.

Mai fitar da wannan adadi ita ce Hukumar Kula da Albashi ta Ƙasa, NSIWC, wadda aka kafa a 1993. Ta kasa hukumomin gwamnati aji-aji bisa girmansu da nauyin aikinsu, kowane aji da abin da shugaba zai karɓa a zama ɗaya da abin da mamba zai karɓa. Shi ya sa za ka ga mutum biyu an naɗa su rana ɗaya, a sanarwa ɗaya, amma abin da ke shigo musu ya bambanta. Kada ka yarda da adadin da aka faɗa maka da baki, ko da shugaban kwaleji ne ya faɗa. Magatakarda shi ne sakataren majalisarku, haƙƙinka ne ka ce ya ba ka kwafin sakular da ake biyan ku da ita. Idan ya yi ta kwana-kwana, to a nan ne za ka fara zargin wani abu, ba a rashin albashi ba.

Abokinka kwamishina

Shi wata duniya yake daban. Akwai hukumomin da Kundin Tsarin Mulki na 1999 da kansa ya kafa a sashe na 153, irin su hukumar zaɓe INEC, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, Hukumar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, da hukumar rabon arzikin ƙasa RMAFC. Kwamishinonin irin waɗannan wurare Majalisar Dattawa ke tantance su, wa'adinsu shekara biyar ne, kuma yawancinsu kullum suna ofis. Sashe na 84 ya ce Majalisar Tarayya ce za ta tsara albashinsu da doka, amma kada ya wuce abin da RMAFC ta ƙayyade. Sashen ya ƙara musu kariya biyu da kai ba ka da su. Albashinsu daga babban asusun tarayya yake fita kai tsaye, sannan ba a rage shi bayan an naɗa mutum. Hikimar ita ce kada shugaban ƙasa ya ja wa alƙalin zaɓe kunne ta hanyar toshe masa abinci. A jihohi sashe na 124 ne ya yi irin wannan tanadi ga hukumar zaɓe ta jiha da hukumar ma'aikata da hukumar kula da harkokin shari'a.

Dokar da ta jera adadin an yi ta a 2002, aka gyara ta a 2008. Ainihin albashin minista a cikinta naira 2,026,400 ne a shekara, shugabannin waɗannan hukumomi ma a kan wannan matakin suke, mambobi kuma ƙasa da haka kaɗan. In ka raba gida goma sha biyu bai kai naira 170,000 a wata ba, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 tun 2024. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Kitsen yana cikin alawus-alawus, waɗanda ake lissafawa da kaso na wannan albashi: kuɗin gida kashi 200 cikin ɗari, kayan ɗaki kashi 300 sau ɗaya a shekara huɗu, bashin mota kashi 400, kula da mota da man fetur kashi 75, masu aikin gida kashi 75, jaridu kashi 15, sai kuɗin sallama kashi 300 idan mutum ya kammala wa'adinsa. Kayan ɗakin minista kaɗai ya haura naira miliyan shida. Wannan tsari ya samo tushe ne daga manufar da gwamnatin Obasanjo ta kawo a 2003, ta daina bai wa manya gida da mota da kuku, a ba su kuɗin a hannu su ji da kansu. To wannan ne kuɗin kayan ɗakin da ka ji an ba abokinka. Babu sunan mamban majalisar kwaleji a wannan doka ko ta gefe.

Kansila mai gafaka kuwa labarinsa gajere ne. Shugaban ƙaramar hukuma ke naɗa shi ya riƙe sashe, ko na ayyuka ko lafiya ko noma, yana zuwa sakatariya kamar kowane ma'aikaci, don haka yana da na wata. Sashe na 7 na kundin ya bar wa kowace jiha ta tsara ƙananan hukumominta da dokarta, shi ya sa abin da ake biya a Zamfara ba lallai ya zo ɗaya da na Jigawa ba. Wanda ƙafarsa ke rawa a doka shi ne kantoma da 'yan kwamitin riƙo, tun da Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa zaɓaɓɓu kaɗai tsarin mulki ya sani a ƙaramar hukuma, kuma su kaɗai za a sakar wa kaso daga asusun tarayya.

Abin da ke naka

Na farko kuɗin zama. A al'ada majalisa na yin zama huɗu a shekara, duk bayan wata uku, don haka zama biyu cikin wata biyar daidai kuke tafiya. Bayan babban zama akwai na kwamitoci, kamar kwamitin kuɗi da ayyuka, ko na ɗaukar manyan ma'aikata da ƙarin girma, ko na ladabtarwa. Wanda aka sa a kwamiti yana da kuɗin zamansa. Abin da ke tabbatar da haƙƙinka shi ne rajistar halarta. Na sha ganin dattijo ya zo a makare, ya zauna har aka tashi, ya manta bai sa hannu ba, sannan a yi wata biyu ana kai-kawo domin odita na cikin gida ya ƙi wuce takardarsa. Da ka shiga zauren, kafin ka gaisa da kowa, nemi rajistar nan.

Na biyu kuɗin hanya, ko tikitin jirgi ko lissafin kilomita idan da motarka ka zo. Na uku kuɗin kwana. Wannan ma sakula ce ke tsara shi, kuma takan haɗa ku da wani mataki na aikin gwamnati. Don ka san ma'aunin, a gyaran da ya fara aiki a Satumbar 2022 ma'aikaci mai mataki na 16 ko 17 yana karɓar naira 37,500 a kowane dare, babban sakatare 70,000, minista 80,000. Ƙa'idar da mutane ke yawan takawa ita ce, ba a haɗa biyu. In makaranta ta kama maka ɗaki a otal ta ciyar da kai, ba ka da cikakken kuɗin kwana. In ka karɓi kuɗin, to kai za ka nemi masaukinka. Da yawa daga cikin mambobinmu sukan karɓi kuɗin su sauka gidan ɗan'uwa a gari, kuma wannan ba laifi ba ne.

Za ka ga abin da ya shigo bai cika cif ba, saboda ana cire haraji tun daga tushe. Ka nemi takardar shaidar cirewar, za ta yi maka amfani ranar da za ka nemi takardar biyan haraji ta shagonka. Jinkiri ma ba abin mamaki ba ne. Kuɗin majalisa daga kason gudanar da ofis yake fita, wanda shi ne kuma ake sayen dizal da takarda da shi, kuma tun 2015 kuɗaɗen makarantun tarayya suna asusun bai-ɗaya na TSA a Babban Banki. Wani lokaci ma'aji ba mugunta yake yi ba, asusun ne wayam.

Abin da ba naka ba kuwa, Dokokin Aikin Gwamnati sun faɗe shi ƙarara tun a bugun 2008: ba a bai wa mamba na ɗan lokaci gida na dindindin, ba ya riƙe motar hukuma ta zama tasa, kuma majalisa ba ta tsoma hannu a gudanar da harkokin yau da kullum. Ranar zama za a iya aika mota ta ɗauko ka daga tasha ko filin jirgi, a mayar da kai, direba ya koma da ita.

Fansho da shago

Fanshonka ba zai taɓu ba, amma akwai iyaka, kuma mutane ƙalilan ne suka san ta. Tana cikin Jadawali na Biyar na kundin tsarin mulki, inda aka jera ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata. Sakin layi na 4 ya ce wanda ya yi ritaya yana cin fansho daga dukiyar jama'a ba zai karɓi muƙami mai lada fiye da ɗaya a hukumar gwamnati ko kamfaninta ba, kuma ba zai ƙara karɓar wani abu daga baitulmali ba bayan fanshon da ladan wannan muƙami guda. Kai yanzu ka cike gurbinka. Gobe in gwamnan jiharku ya tuna da kai ya sa ka a wata hukumar, sai ka zauna ka zaɓi ɗaya. Wanda bai yi ritaya ba nasa ya fi tsauri, domin sakin layi na 2 ya hana cin ladan ofis biyu na gwamnati a lokaci guda, kuma ma'anar lada a wurin ta haɗa har da alawus. Shi ya sa kuɗin zaman da ake ba wakilan ma'aikatar ilimi da ma'aikatan makarantar da ke majalisa ya daɗe yana jawo tambaya daga masu binciken kuɗi.

Wannan sakin layi na 2 ɗin dai shi ya ba ka damar ci gaba da shagonka. Hanin kasuwanci, ban da noma, yana kan ma'aikacin cikakken lokaci ne, kai kuwa ba shi ba ne. Buga katin biki da kalandar 'yan siyasa da littattafan Islamiyya, babu mai ce maka don me.

Aikin kwalejin ne ba zan ba ka shawarar taɓawa ba, ko na buga takardar amsa jarrabawa ne. Sakin layi na farko na waɗannan ƙa'idoji ya hana mai muƙami sa kansa inda buƙatarsa za ta yi karo da aikinsa. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta wajabta wa mai neman kwangila ya yi rantsuwa a rubuce ya bayyana ko wani jami'in wurin yana da hannu a kamfaninsa. Sashe na 19 na dokar hukumar yaƙi da rashawa ICPC ta 2000 ya tanadi ɗaurin shekara biyar babu zaɓin tara ga wanda ya yi amfani da ofishinsa ya jawo wa kansa ko ɗan'uwansa ko abokin hulɗarsa wata moriya. Sa sunan ɗanka ko ƙanin matarka a takardar kamfani ba ya wanke ka, kalmar ɗan'uwa tana cikin sashen. Ka kuma duba ta wannan fuskar: kwamitin bayar da kwangila shugaban kwaleji ke jagorantarsa, shi kuma shugaban kwaleji majalisarku ce ke sa masa ido. Ranar da ka shiga ofishinsa da takardar neman aiki a hannu, ka sauka daga kujerar mai tambaya ka koma ta mai roƙo.

Inda mutanen kirki ke zamewa

A shekarun da na yi, ban ga mamban da ƙarancin alawus ya jefa a matsala ba. Waɗanda suka shiga uku, abin da ba a rubuta ba ne ya kai su. Kuma ba ya zuwa da siffar cin hanci. Yana zuwa ne a matsayin karamci: buhun shinkafa da jarkar mai gab da azumi, ragon layya, ambulan da aka rubuta wa "na goro", taron bita a wani otal a Abuja ko Kaduna wanda aka yi awa uku aka lissafa kwana biyar. Wani lokaci shugaban majalisa da kansa zai ce a raba ajandar yini ɗaya gida biyu, a kwana, don a ƙirga zama biyu. Ko a yi ta ƙirƙiro zaman gaggawa da ƙananan kwamitoci har majalisar da ya kamata ta haɗu sau huɗu ta haɗu sau goma sha. Hujjar da ake kawowa kullum ita ce majalisa ta amince. To majalisa ba ta da ikon yanka wa kanta abin da ya wuce sakula, ko da kowa ya ɗaga hannu. Amincewarku ba ta halatta kuɗin, sai dai ta zama shaida a kanku, da sunan kowa a rubuce, da hannuna na rubuta irinta.

Akwai wani dattijo da ba na mantawa, tsohon malami kamarka, mutum mai tsantseni. A wata shekara aka tura wa kowane mamba kuɗi kafin Babbar Sallah, aka rubuta a takardar biya cewa na jin daɗin mambobi ne. Ya kira ni ya tambaya, na ce masa gaskiya ban ga sakular da ta ce a yi haka ba. Ya yi shiru, ya ce ai an riga an turo, kuma yara sun riga sun gani. Bayan shekara uku, an daɗe da rushe majalisar, sai ga takarda daga masu binciken kuɗi na tarayya: a dawo da kuɗin, ga sunaye, ga adadi. Manyan cikinsu suka mayar a rana ɗaya ko suka yi biris. Shi kuwa ya zo ofishina da takardar a cikin leda, ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, muka lissafa yadda zai riƙa biya kaɗan-kaɗan daga fansho. Abin da ya fi ci masa rai ba kuɗin ba ne. Ya ce a zaman da ya biyo bayan waccan Sallah an kawo ƙorafi a kan shugaban makarantar, yana da abin faɗa, amma ya kasa ɗaga ido. Kowa ya ci ladan kuturu, ai ka san sauran.

Haka wani shugaban majalisa da ya riƙe motar makaranta kusan shekara biyu a gidansa, ɗalibai na zuwa aikin koyarwa na gwaji a motar haya. Da wa'adi ya ƙare sai da aka aika masa takarda uku, ta ukun da kwafi zuwa ma'aikata, kafin direba ya dawo da ita babu taya mai kyau ko ɗaya.

Kyauta daga dangi da abokai a bikin al'ada doka ba ta hana ba, sakin layi na 6 ya bar wannan ƙofa. Wadda ya hana ita ce wadda aka ba ka saboda abin da ka yi ko ka bari a bakin aikinka, kuma kyautar ɗan kwangila ana ɗaukar ta a haka sai in ka tabbatar da akasi. Fom ɗin bayyana kadara na Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ma kada ka raina shi don kujerar ta ɗan lokaci ce. Cike shi da ka shiga, ka sake cikewa da ka fita, ka ajiye takardar shaidar karɓa. Kotun Ɗa'ar Ma'aikata na iya sauke mutum, ta hana shi riƙe muƙami har shekara goma, ta ƙwace abin da ya samu ta wannan hanya.

In aka rushe ku kafin lokaci

Wannan ba ka tambaya ba, amma zai iya zuwa. Buhari ya rushe hukumomin gudanarwa na tarayya a Yulin 2015. Tinubu ya yi haka a Yunin 2023, sanarwar ta keɓe hukumomin sashe na 153 kawai, kuma manyan makarantun tarayya suka zauna kusan shekara guda babu majalisa, har sai da ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta yi ta ƙorafi kafin a naɗa sababbi a tsakiyar 2024. Ka ga bambancin da na faɗa a baya ya sake fitowa. Kwamishinan da tsarin mulki ya kafa kujerarsa ba a cire shi sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa, ko na majalisar dokoki in a jiha ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2006 a shari'ar mambobin hukumar zaɓe ta Jihar Kwara da gwamna ya sallama. Zaɓaɓɓu ma suna da tasu kariyar: a Mayun 2021 kotun ta ce a biya shugabannin ƙananan hukumomi da kansilolin Katsina da aka rushe a 2015, da na Oyo da aka rushe a 2019, haƙƙoƙinsu na sauran wa'adi.

Mamba irinka ko ya yi nasarar nuna cewa an cire shi ba bisa ƙa'ida ba, abin da zai karɓa ba shi da yawa, tun da kuɗin zama ladan zaman da aka yi ne, ba a biyan wanda ba a yi ba. Wanda za ka iya bi har ƙarshe shi ne bashin zaman da ka halarta ba a biya ka ba. Fara da takarda zuwa ga magatakarda, da kwanan wata da lambar kowane zama. In shiru, sai shugaban majalisa, sannan ma'aikatar ilimi. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da hurumin sauraron ƙarar albashi da alawus na masu riƙe da muƙaman gwamnati tun gyaran tsarin mulki na 2010. Sai dai kada ka yi sanya, akwai tsohuwar dokar kare jami'an gwamnati mai ba da wa'adin wata uku kacal na shigar da ƙara, da lauyoyin hukumomi ke son fakewa da ita. A ganina kuma, in bashin zama ɗaya ko biyu ne, kuɗin lauya zai cinye shi kafin a kira ƙarar.

Ni ma'aikacin ofis ne, ba lauya ba, kuma ban ga takardar naɗinka ba. Na yi magana ne a kan makarantun tarayya, inda na yi aiki. Makarantun jiha suna bin dokar jiharsu da sakular ofishin shugaban ma'aikata ko sakataren gwamnati, har akwai jihohin da ke ba wasu shugabannin hukumomi wani abu duk wata. In ka duba takardarka ka ga an rubuta cewa naɗin na cikakken lokaci ne, to lissafin ya canja gaba ɗaya, har da batun shagon, sai ka sake rubuto mini.

Su kuma 'yan'uwa, wani mamba da na sani dabara ya yi. Da ya ga masu zuwa gaisuwar asuba sun ninka, sai ya sa aka buga masa kwafin sakular, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin adadin, ya ajiye a zaure kusa da buta. Duk wanda ya fara zancen kuɗin makarantar yara ko neman a sa ɗansa aiki, sai ya miƙa masa ya ce karanta, sau huɗu ne a shekara. Kai da kake da injin ɗab'i a shago, ko kuɗin kwafi ba za ka biya ba.